Bakano Ya Ajiye Aiki, Saura Ya Ajiye Lissafi

Zuwa ga bawana, mutumin gindin Dala.

Bayan gaisuwa irin wadda ubangida yake yi wa bawansa in ya ga dama, ina yi maka barka da sauke kaya. Labari ya iso mana Zazzau ta bakin wasu, domin ku Kanawa ba ku aika saƙo sai da ciniki a ciki. An ce gwamnatin tarayya ta sallame ka bayan ka cika shekara 35 cif a bakin aiki, ka miƙa makullin ofis, ka tattara ya-naka-ya-naka daga Mararaba ka koma ƙauyen kakanninka, can tsakanin Kura da Bunkure. An kuma ce yanzu duk wanda tsautsayi ya sa ya yi maka sallama sai ka tsare shi da wa'azi, wai ka gano daɗin duniya: barcin rana, ɗumamen safe, inuwar darbejiya. Ka gano! Abin da yaron goye ya sani a Tudun Wadar Zariya, shi Bakano ya gano bayan furfura ta gama da gemunsa, har yana jira a yi masa tafi.

To, mun tafa. Amma kafin kai ya yi maka girma, bari in tuna maka inda ka fito, don na san ku da saurin mantuwa in ba ku ke bin bashi ba.

Ka shiga aiki a Legas kana ɗan saurayi, wuya duk ƙashi, kullum kana rataye a ƙofar bas. Da gwamnatin Babangida ta kwaso komatsanta ta dawo Abuja a Disambar 1991, aka kwaso har da kai. Zamanin Obasanjo kuma gwamnati ta daina ba ma'aikata gida, ta mayar da abin kuɗi a cikin albashi, ta sa gidajenta a kasuwa. Abokan aikinka suka rufe ido suka ci bashi, wannan ya saya a Garki, wancan a Kubwa. Kai kuwa ka zauna ka buga lissafi, ka tsallake iyakar Abuja ka tare a Mararaba ta jihar Nasarawa, ka zo kana gaya mini ka ci riba.

Ga ribar. Tashi ƙarfe huɗu na dare, wanka da ruwan sanyi, sallar asuba wani lokaci a masallacin gefen titi, sannan ka shiga layin motocin Nyanya ka yi ta jan ciki har Asokoro. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 ba sai ta ci maka awa biyu, balle bayan bam ɗin tashar Nyanya na Afrilun 2014 da aka kafa shingayen bincike. Karin kumallonka a kan sitiyari, biredi a cinya, shayi a filas. Ka isa sakatariya ka tarar na'urar hawa bene ta ƙi, ka haura da ƙafa kana haki, ka faɗa cikin fayil da mitin, mitin kuma don a tsara ranar wani mitin. Da yamma a sake sabon lale. Ka bar yara suna barci, ka dawo ka tarar suna barci, har autarka ta ɗauka kai baƙon Lahadi ne. Da haka ka hau mataki na 16, mataimakin darakta guda, masinja yana rusuna maka, likita kuma yana girgiza kai duk ranar da ya ɗaura maka abin awon jini.

In Juma'a ta yi kuma ka kamo hanyar Kano, ta bakin ƙofarmu kake wucewa a guje. Ko ka ratse ka gai da iyayen gidanka. Iyakarka ka tsaya wurin mai rake a bakin hanya, ka yi ciniki har ya gaji ya sallama maka don ka tafi ka ba shi wuri.

Ni na tabbata ba don ranka ya so ka sauka ba. Ƙa'idar aikin gwamnati ce ta kama ka: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman firamare da sakandare dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 ko 40 a aiki, farfesoshi kuma, irin waɗanda muke da su birjik a Samaru, sai sun kai 70. Da an yi maka tayin wannan da hannu biyu za ka karɓa, ka ci gaba da tsufa a layin Nyanya. Fansho kuma tun dokar 2004 ya koma na adashi, gyaran 2014 ya sa ana yankar kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, gwamnati ta ɗora 10, a tara masa a asusunsa. Na san duk wata sai ka yi jimamin wannan kashi 8, ga shi yau shi kake ci. A nan kam ba wasa, ka gode wa Allah. Ni da kai mun san mutanen da suka yi watanni suna zarya da takardu a leda kafin kuɗinsu ya fito, mun kuma san waɗanda magada ne suka ƙarasa musu zaryar. Naka ya fito kana tsaye da ƙafarka.

Sai dai an ba ka hutu, ba a ba ka yadda ake yin sa ba. Makonninka na farko a ƙauye labarinsu ya zo mini tiryan-tiryan. Ƙarfe huɗu ido ya buɗe. Ka yi wanka, ka saka shadda mai guga, ka kafa hula, ka fesa turare, ka fito zaure ka zauna da waya biyu a gaba, ba inda za ka. Ka zama kamar baƙuwar kazar da aka ɗaure wa ƙafa kwana da kwanaki, aka kwance igiyar, amma ta ci gaba da kewaya turken. Kana duba agogo, kana duba waya. Ita kuwa wayar, wadda a da sai ka kashe ta kafin ka yi sallah cikin natsuwa, ta yi gum. 'Yan kwangilar da suke kiranka su tambayi lafiyar Hajiya da yara sun gano lambar wanda ya gaje ka. An ce har ka aiki yaro ya kai ta wurin mai gyara, ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Allah sarki Bakano. Ashe kujerar ake gaisarwa.

Da ka rasa wanda za ka shugabanta, sai ka juya kan baiwar Allah. Hajiya da kanta ta kira uwargidana tana neman agaji. Ta ce ka shiga madafa ka kira taro, kana son a kawo maka kasafin daddawa da kuka na wata uku. Ka ce a riƙa rubuta yawan ashanar da ake ƙyastawa. Ka tambayi mai tallan nono rasit. Matar da ta riƙe gida shekara 35, ta yaye yara ta aurar, ba tare da mataimakin darakta ba, yau ita kake koya wa yawan man da ake zuba wa miya. Na ce a gaya mata ta yi haƙuri, ciwon Kanawa ne, ba ya kisa, amma ba ya jin magani da wuri.

Shi ya sa na wanke ƙafa na zo da kaina, ƙarshen damina, gero ya nuna. Gaskiya ɗaya ce, na ga canji. Na same ka a gindin darbejiyar ƙofar gida, ba hula, singileti da zane, ƙafa duk ƙura. Tumbin ya ɗan sauka, fuskar ta washe. Ka aiki jikanka gona ya karyo zangarniyar gero huɗu, ɗanye shar, ka tona garwashin da aka dafa shayi, ka jera su a kai kana juyawa da hannu. Ƙwayoyin suka fara fashewa, ƙamshi ya tashi. Ka ɗauko ɗaya kana yarfe yatsu don zafi, ka murza a tafin hannu, ka hure ƙaiƙayin, ka watsa a baki, ka lumshe ido. Ka ce rabonka da tumu tun kana makarantar allo. Ka yi shiru kana tauna, ni ma na ƙyale ka, domin ban taɓa ganin bakinka yana motsi ba tare da ambaton kuɗi ba. Har na fara cewa a raina bawan nan nawa ya warke.

Ashe da sauran rina a kaba. Ka haɗiye, ka kakkaɓe hannu, ka laluba ƙarƙashin tabarma ka zaro wani ɗan littafi mai jan bango da biro maƙale. Ka dube ni ka ce, in aka gasa tumu aka murje aka ƙulla a leda aka kai ƙofar sakatariya, nawa nake ganin za a sayi ƙulli ɗaya? Inna lillahi. Ƙamshin bai gama barin hancinka ba ka riga ka kai shi kasuwa.

Na karɓi littafin na buɗe, na ga abin da ya fi haka. Tattabarun nan biyu da ka ce ka saya don ka riƙa jin kukansu da safe, ka jera musu tukwane a kan katanga, shafi uku ka ba su. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta kwana 18 ta ƙyanƙyashe, ka rubuta. Ka lissafa sau nawa za ta yi a shekara, ka cire na shaho da na mage, ka buga da farashin ɗan shila, ka ja layi biyu a ƙasa. Jar akuyar da jikoki suke wasa da ita, ka rubuta wata biyar take ɗaukar ciki, ka yi mata lissafin tagwaye har jikokinta. Zabi kwana 28, kaji 21. Mangwaron tsakar gida da kakanka ya dasa, wanda duk yaran unguwa suka tashi suna jifa, ka ƙiyasta kwando nawa zai ba da. A shafi na ƙarshe na ga ka zana darbejiyar da muke zaune a gindinta, ka sa alamar tambaya. Ban tambaye ka ba, don ina tsoron ka ce haya za ka fara karɓa daga masu shan inuwa.

Ba na ganin laifinka sosai, a nono ka sha. Mutanen da suke da kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, waɗanda kakanninsu suka riƙa taka sayyada har Gwanja don goro, ba za a raba su da lissafi rana ɗaya ba. Jirgin ƙasa ya iso muku a 1911, Turawa suna ta fatan auduga, kuka duba inda riba take kuka rungumi gyaɗa, har kuka tara ta dala-dala zamanin su Alhassan Ɗantata. Yau ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Dawanau da ake loda hatsi zuwa ƙasashen maƙwabta. Wannan duk abin yabo ne, kuma ka rubuta ranar da Bazazzage ya faɗa, don ba zan maimaita ba. Amma lissafi ma'aikaci ne, ana sallamarsa in ya gama aiki. Kai ka sa shi ya zauna maka a kan harshe, duk abin da za ka ɗanɗana sai ya riga ka. Wanda yake cin tumu yana tunanin kuɗin ƙulli, leda ya ci.

Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne abin da na gani da la'asar. Muna idar da sallah ka ja ni dandalin bayan masallaci, inda dattawa suke dara. Gurbi 30 a haƙe a ƙasa, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya cire wa abokin karawarsa ɗaya. Ka naɗe zane ka durƙusa gaban wani tsoho mai gyaran keke, haƙoransa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, goro a kunci. Ka daɗe kana nazari kafin ka dasa kowane tsinke, kana ɗaga gira irin ta mai sa hannu a takardar miliyoyi. Shi ko kallon ƙasar ba ya yi sosai, hira yake da na gefe a kan farashin taki. Da aka fara turawa, kafin ka ankara ya buɗe wani gurbi yana shiga yana fita, duk shiga sai ya ɗauke maka ɗa. Ka ce a dakata ka duba. Ya ce, duba da kyau Alhaji, nan ba a aiko da fayil. Dandali ya ɗauki shewa. Wani yaro ya ce a ba Darakta ruwa. Tsohon ya share ka tas, ka ce a sake, ya sake share ka.

Na zuba ido in ga ko za ka kumbura, don na san a ofis wanda ya yi maka rabin wannan sai ya amsa takardar tuhuma. Sai na ga ka faɗi zaune kana dariya har da hawaye, kana dukan cinya, kana rantsuwa gobe sai ka rama. Aka kira magariba. Muna hanyar alwala ka shafa ƙugu ka ce, af, wayar tana gida. Tun azahar ba ka neme ta ba. Littafin ma yana can ƙarƙashin tabarma. Wannan tsoho ya yi maka abin da likitocin Abuja suka kasa, kuma ko sisi bai caje ka ba, abin da na san zai fi yi maka daɗi a cikin maganar.

Ga wata magana kuma, ka kasa kunne, don ba zolaya a cikinta. Na ji kana gaya wa maƙwabtanka cewa noma hutu ne. Kul. Kada ka sake faɗa a gabansu. Kai kana zagaya 'yar gonarka da hantsi, hannu a baya, ka tsinke ciyawa biyu ka dawo inuwa, ƙarshen wata waya ta yi ƙara kuɗi ya shigo. Su kuwa mutanen da ke noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka gama a 1974, da yawansu suna riga ka tashi ko a lokacin da kake Mararaba. Su ne cikin taɓo a fadamar shinkafa, su ne ban ruwan alkama cikin hunturu. Wanda ruwan magudana bai kai gonarsa ba sai da inji, shi kuma inji tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya zama abokin rabon gado. Mai tumatir ya kai kwanduna Kwanar Gafan ya tarar kasuwa ta cika, ya sayar a wulaƙance ko ya shanya a ƙasa. A 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir ƙurmus, mutane suka shiga bashi. Waɗannan ba su da shekara 35, ba su da kashi 8, ritayarsu ita ce ranar da gwiwa ta ƙi. Saboda haka in ka ɗauki 'yan ƙwadago, ka biya su kafin gumi ya bushe, ka kuma bar cinikin nan naka na mai rake. Hutunka a kan wuyan wasu yake tafiya, ka riƙa yi da kunya.

Haka ita ma Hajiya. Kai an yi maka liyafar sallama, an ba ka agogon bango da hotonka a jiki. Ita wa zai sallame ta? Tuwon da kake ɗumamawa kana yabo, wani ne ya tuƙa shi da dare. Ka nemo mata mai taimako, ka fita daga madafarta, in za ka zagaya bakin ruwa da yamma ka ce ta zo ku tafi. In mutanen gari sun yi magana ka ce umarnin ubangidanka ne daga Zazzau.

Na san abin da za ka ce, don bakinka ba ya mutuwa. Za ka ce Zagezagi ba hutu suka iya ba, zaman kashe wando ne suka yi wa rawani. Za ka ce mun fi ku dogon Turanci, kun fi mu dogon bene. Faɗi son ranka. Mu dai mun san abin da ake yi da natsuwa. Je ka dubi tsohon ginin masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi da ƙasa a shekarun 1830, ka ga bakan gizon da masana gine-gine suke zuwa kallo daga ƙasashen duniya. Mai sauri ba ya irin wannan aiki. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take wurinmu, ku kuke turo 'ya'yanku mu koya musu zama wuri ɗaya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ka zauna ka yi tunani da kyau, da wa kake jin ake? Shekara da shekaru muka yi muna aiko muku da saƙo a saman shafin farko, kuna karɓa kuna ƙunshe ƙosai da shi.

Yanzu ga abin da nake ji maka tsoro. Mai ritaya da dunƙulallen kuɗin sallama a asusu, ƙamshinsa yana kai wa nesa. Za su zo. Wani da jaka da takardu masu sheƙi, ya ce ka zuba miliyan ɗaya ta haifi biyu kafin wata ya mutu. Ka tuna MMM, yadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, har da masu digiri da masu carbi suka yi ta salati. Wasu za su zo da ayari su ce jama'a ce take kiranka, ka fito takarar shugaban ƙaramar hukuma. Jama'ar nan su ne su biyar ɗin da ka gani a zaure, kuma abin da suke kira yana banki. Akwai kuma masu zuwa da murmushi su ce Alhaji ai yanzu ka samu lokaci, ga wata yarinya mai hankali a gidan wane. A nan ne kaɗai nake roƙon ka ɗauko littafin nan mai jan bango ka yi lissafi da kyau, ka haɗa da kuɗin maganin hawan jini.

Abin da ya rage ba mai tsada ba ne, shi ya sa nake tsoron za ka raina shi. In ka yi asuba ka bi bakin magudanar ruwa da ƙafa har rana ta ɗago, ka gai da masu ban ruwa, kada ka tambaye su nawa buhu. Ka ci gaba da shan maganinka, ka riƙa zuwa awo, don iskar ƙauye ba ta soke takardar likita. In ka kunna rediyo ka saurari labarin duniya har ƙarshe, ba wai ka jira farashin dala ka kashe ba. Ga malamin zaure nan kusa da kai, ka ɗauki littattafan da ka ajiye tun kana saurayi ka koma ka durƙusa, ba a tambayar mataki a can. 'Yan'uwan da ka shekara 35 kana aika musu gaisuwa ta waya, ka taka ka je, ka zauna har a kawo fura, ka sha, ka ƙara zama. Jana'iza da suna da ɗaurin aure da kake wakilta yaro, yanzu ba ka da uzuri.

Jikarka kuma, 'yar mai kitson nan da take kiranka mijinta tana cewa ka tsufa ta sake ka, ta fi kowa gaskiya a gidan. Ta nemi ka yi mata tatsuniya ranar da na kwana, ka fara ta gizo ka ɓata a tsakiya, ka ƙarasa da bayanin yadda ake neman ƙarin girma. Yarinya ta yi barci don takaici. Ka je wurin tsofaffin gari su tuna maka, kafin ta kai ƙara wurina.

Hukuncina dai shi ne ka ci rabin jarrabawa. Tumu da dara sun ba ka maki, littafi mai jan bango ya zaftare. Sauran karatun sai ka zo Zazzau. Ka taho bayan an gama girbi, ka shirya kwana uku, zan kai ka gindin dutsen Kufena mu zauna, in sa a kawo rake daga Maƙarfi da mazarƙwaila, ka sha ba tare da ka tambayi kuɗin ɗauri ba. Ka bar wayoyin da littafin a wurin Hajiya. Gaisuwar ubangida kuwa kada ka yi nauyin hannu: gurasa mai ƙuli, buhun shinkafar Kura, da 'yan shila biyu daga cikin waɗanda ka lissafa. In ka zo da rasit, a Ƙofar Doka za a mayar da kai.

Naka, ubangidanka,
Bazazzage.